Lissafin Ka a Zangon Madina

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a kansu suke riƙe ciniki. A kasuwar Salaga da kuɗin wuri ake biya, ana jan sa biyar-biyar da yatsu, goro kuwa ƙwarya-ƙwarya ake ƙirga shi, ɗari a kowace. Falken da bai iya haɗa kuɗin ƙwarya arba'in da la'adar dillali yana tsaye ba, da bashi zai koma gida. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, kowa da lissafinsa a ka.

Madina tamu da ke Accra ta baya-bayan nan ce. A 1959 Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci mutanen da aka tasa daga Shiashie suka kafa ta. Tun daga nan kuɗin Ghana bai bar kowa ya huta ba. A 1965 aka ajiye fam da sule, sidi ɗaya ya zama sule takwas da kwabo huɗu. A 1967 aka sake fito da sabon sidi. A 2007 kuma aka yanke sifiri huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya.

Kakata mai koko duk ta ga waɗannan, ba ta taɓa riƙe biro ba. Mutum biyar na miƙo kwano, wani na cewa a ƙara ƙosai, wani na cewa a haɗa da bashin jiya, ita kuwa ludayi na hannunta take cewa, "Kai yaro, canjinka sidi uku." Har yau in ta ce miliyan ɗaya, sidi ɗari take nufi, kuma haka 'yan kasuwar Madina da Nima da yawa suke magana. Wanda kansa bai saba juya tsohon kuɗi zuwa sabo ba, a nan ake barinsa.

Yaranmu yanzu waya suke zarowa don haɗa takwas da goma sha bakwai. Ba na ƙin na'ura, tana da ranarta wajen rufe littafi da dare. Amma tayi ba ya jira. Kafin ka gama latse-latse mai kaya ya ce albarka, ya sallama wa wani, kaya sun tafi.