Asalin Saƙar Kwarashi Da Yadda Aka Gano Ɗamen Bakin Hannu

A wannan mako mun sami takarda daga wata baiwar Allah a ƙasar Funtuwa, wadda ke saƙa huluna da safa da suwaitar jarirai tana aikawa kasuwa. Tambayarta biyu ce. Tana so ta san daga ina saƙar kwarashi ta samo asali, kuma me ya sa bakin hannun rigunanta ke saki bayan wanki biyu ko uku, har masu saye suka fara guje mata.

To malama, mun gode da wannan tambaya. Ita kalmar kwarashi asalinta Faransanci ce, ma'anarta 'yar ƙugiya, ta bakin Turawa kuma ta iso mana. Sana'ar ba ta kai saƙar tsinke biyu tsufa ba. Ita waccan an tono safar da aka yi da ita a ƙasar Masar, wadda ta doshi shekara dubu a duniya. Amma kwarashi sai a shekarar 1823 aka fara buga bayanin yadda ake yin ta, cikin wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé. Kafin nan makiyayan tumaki a Sikotlan suna da wata saƙa da suke yi da ƙugiya ɗaya, suna samun safar hannu mai kauri don sanyi.

Abin da ya ɗaga sana'ar kuwa masifa ce. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ayalan, wanda shi ne abincin talakawansu. Yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura. Sai aka shiga koya wa matan ƙauye saƙar leshi da kwarashi, ana kai wa masu kuɗi a Ingila da wasu ƙasashe, gidaje da yawa da haka suka ci abinci. Daga baya har Sarauniya Biktoriya ta koya, a 1900 ma ta saƙa mayafin wuya guda 8 da hannunta, aka raba wa sojojin da suka yi fice a yaƙin Afirka ta Kudu.

Yanzu sai batun bakin hannu. In ka duba suwaita mai kyau, za ka ga bakin hannu da ƙugu da wuya an yi musu wata saƙa daban, tudu da kwari, kamar kunyoyin gona. In an ja, kunyoyin su buɗe, in an saki su koma su haɗe. Shi ya sa take kama jiki, iskar hunturu ba ta samun hanya. Wannan dabara daga masu saƙar tsinke biyu ta fito. A 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙar safa a Ingila, amma injin nasa saƙa shimfiɗaɗɗiya kawai ya iya. Mai son safa mai kunyoyi sai ya nemi ta hannu. Haka aka zauna shekara wajen 170, sai a 1759 Jedediah Strutt, wanda ɗan gidan manoma ne, ya sami takardar mallakar wani ƙarfe da ya ƙara wa injin, ya rinƙa fitar da kunyoyi a garin Derby. Da wannan ya yi arziki, har daga baya ya shiga kafa masana'antun kaɗin auduga.

Masu kwarashi da suka ga amfanin abin sai suka nemo nasu hanyoyin. Uku ne suka fi shahara. Kowane ƙulli in kin duba kansa za ki ga zare biyu, na gaba da na baya. Hanya ta farko ita ce ki yi gajeren ƙulli, amma ki rinƙa soka kwarashi a zaren baya kaɗai, kina zuwa kina dawowa a kan ɗan siririn layi, har ya isa zagaye wuyan hannu, sannan ki haɗe bakin. Ta biyu irin ta makiyayan nan ce, wato ki ɗauko zare ta zaren baya ki zarce da shi kai tsaye ba tare da kin ƙara naɗi ba. Tana cin lokaci, tana gajiyar da yatsu, amma duk ta fi kamawa da komawa. Ta uku ita ce dogon ƙulli da ake zagayo jikin na ƙasa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Tana da kyan gani da kauri, ta dace da bakin hula, sai dai ba ta da danƙo sosai. Mai yi wa jariri bakin hannu gara ta ɗauki ta farko ko ta biyu.

Sauran abu biyu. Ki yi bakin da kwarashin da ya fi na jikin riga ƙanƙanta, kuma ki rage masa tsawo kaɗan don sai an ɗan ja shi zai shiga. Sannan yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake ce wa akirilik, wanda aka fara sayarwa a Amurka wajen 1950. Ba ya shiri da zafi. Ruwan zafi ko dutsen guga na kashe masa danƙo, in ya saki kuma ya saki ke nan. A gaya wa masu saye su wanke da ruwan sanyi, su shanya a kwance, kada su rataye.

Ku kuma 'yan kasuwa masu sarin suwaita kafin hunturu, ko sabuwa ko gwanjo, ku ja bakin hannun ku saki tun a gaban mai ita. In ya koma nan take, a yi ciniki. In ya tsaya a buɗe, a bar masa kayansa.

A ci gaba da aiko mana da takardu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.