Basira, Wayo ko Hankali?

A Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, abin nan suna biyu gare shi. A rediyo da jarida, ƙirƙirarriyar basira ce. A shagunan buga takardu na bakin titi kuwa, har zuwa Jama'a da Sabon Gari, baƙaƙe biyu ne kawai: AI. Rubuta su ƙanana, sai su zama "ai", kalmar da Bahaushe ke buɗe uzuri da ita. Ai ba ni na rubuta ba. Ai haka ya ba ni.

John McCarthy ne ya raɗa sunan na Turanci a 1955, cikin takardar neman kuɗin taron da aka yi a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956. Da ya shiga Faransanci sai baƙaƙen suka juya, shi ya sa ɗan boko a Maraɗi yake cewa IA.

Namu kalmomin sun fi haka dogon tarihi. Basira daga Larabci take, daga tushen gani: ganin zuci, hango abin da ido bai kai gare shi ba. Yabo ne babba, kuma ina ganin mun yi saurin bayar da shi.

Fasaha ta fi dacewa. A Larabci iya zance ce, tsabtar harshe. A bakinmu ta zama gwaninta, daga baya ta zama abokiyar tafiyar kimiyya. Da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, sai kalmar ta koma gidan ubanta, don ga inji wanda babbar gwanintarsa ita ce jera magana, yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wadda ta gabata.

Na'ura fa? Asalinta katafariyar ƙafar katako ce mai juyawa, irin waɗanda har yau suke birnin Hama na Siriya, tana ɗebo ruwan kogi tana juyewa a magudana. Ba ta haƙa rijiya. Abin da kogi ya kawo, garau ko gurɓatacce, shi take miƙowa.

Sai ƙirƙira, mai fuska biyu. Mai ƙirƙiro sabon abu gwani ne, amma ƙirƙirarren labari ƙarya ce. Injin yana iya ba ɗalibi sunan littafi da marubuci da shekara, a shiga Laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar a yi ta nema, ashe ba a taɓa rubuta shi ba. Bature ya kira wannan da sunan gane-ganen mai zafin zazzaɓi, kamar injin abin tausayi ne. Mu muna da kalmar da ta fi wannan: shaci-faɗi.

Kalmar da ba a ɗauka ba ita ta fi jan hankalina, kuma ita ce hankali ɗin. Ban taɓa jin an ce ƙirƙirarren hankali ba. Ita ma Balarabiya ce, daga aƙlu, tushe ɗaya da igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita: abin da ke riƙe mutum. A fiƙihu, sai baligi mai hankali ake kira mukallafi, wanda hukunci ke hawa kansa. Tunda harshe ya hana injin hankali, ya hana shi ɗaukar alhaki ke nan. Alhakin na wanda ya danna ne.

Wayo kuwa, namu ne na gado, halin Gizo, kuma galibi ba injin ke yin sa ba.

To me za a kira laifin ɗalibin da injin ya rubuta wa babi guda? Satar amsa? Ba a zauren jarrabawa yake ba. Satar fasaha? Wannan tana bukatar mai kaya, wanda zai fito ya ce nawa ne, ga shi injin ba ya kai ƙara. Wasu na cewa taimako ne, kuma da gaskiyarsu idan gyaran nahawu ne ko neman bayani, aka kuma faɗa wa malami. Amma a farkon kundin digiri akwai shafin da ɗalibi ke sa hannu cewa aikin nasa ne. Wanda ya sa hannu a kan babin da ko karantawa bai yi ba, ni dai cin amana zan kira abin da ya yi.