Daga Tiren Talla Zuwa Aji: Matan Zangon Ghana da Sana'a

Duk wanda ya karya kumallo da koko da ƙosai a Nima ko zangon Kumasi, gumin matan zango ya ci. Amma me ya sa kaka ta ƙare rayuwarta a bakin murhu, jikarta kuma tana aikin jinya ko koyarwa?

A zamanin kakanni, maza na fataucin goro da shanu, mace kuwa a cikin gida take nema. Ta dama fura, ta dafa shinkafa da wake, 'yarta ta ɗauki tire ta fita. Ribar a zuba a adashi, a sayi kayan ɗakin yarinyar. Kun ga ke nan ƙafar 'ya ita ce jarin uwa. In an kai ta boko, wa zai yi talla? Ga shi yawancin makarantun na mishan ne, iyaye na tsoron a sauya wa yara addini.

Siyasa ma ta taka rawa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasar, gidaje da yawa a zango suka watse, jari ya salwanta. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola a Akra, suna zargin 'yan kasuwa mata da ɓoye kaya. Iyayenmu mata sun ga cewa kasuwa kaɗai ba tabbas.

Ƙofa ta buɗe sosai a 1987, lokacin da hukumar ilimi ta Ghana ta kafa sashen makarantun Islamiyya. Yarinya ta samu Larabci da boko a aji ɗaya, hankalin uba ya kwanta. A 2017 kuma aka soke kuɗin babbar sakandare.

To amma doka ba ta sayar wa uwa ƙosai. Duk yarinyar da ta gama makaranta, akwai uwar da ta haƙura da kuɗin tallarta shekara da shekaru, ta fita da kanta ko ta rage tukunya. Har yau akwai gidan da wannan lissafi ke hana 'ya zuwa aji.

Don haka 'yar uwa, in kin karɓi albashi, ki je ki tambayi Hajiya wa ya ɗauki tiren da kika ajiye.