Daga Fulotin Auduga zuwa Shafin Intanet: Darasin Funtua ga Ƙaramin Ɗan Kasuwa

Duk mai sayar da irin masara a Funtua, ko mai sarrafa waken suya a Malumfashi, ko mai loda tumatir daga Danja zuwa Kudu, ya taɓa jin wannan shawara: ya buɗe wa sana'arsa shafin intanet. Da zarar ya amince, sai wata tambayar ta taso: da wace manhaja za a gina shafin? Wani ya ce Wix, wani ya ce WordPress, wani ya ce Shopify, wani kuma ya ce WhatsApp ma ya wadatar. Galibi kyan fasali da arahar kuɗin wata su ke raba gardamar. Sai dai tarihin kasuwancin kudancin Katsina ya nuna cewa akwai tambayar da ta girmi waɗannan: wa ke riƙe da hanyar da ke tsakanin mai kaya da mai saye, kuma ranar da aka raba gari, me mai kaya zai iya ɗauka ya fita da shi?

Gidan fatoma

Tun kafin zuwan Turawa, falken da ya sauka a baƙon gari da shanu ko goro ko ƙullin tufafi ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Gidan fatoma yake nufa. Fatoma ne zai saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, sannan ya cire la'adarsa. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan, kuma haka yake a sauran zangunan Hausawa.

Jarin fatoma shi ne sanin mutane: wa ke saye, wa ke biya a kan lokaci, wa ke cin amana. Falke kuwa yana da abu biyu da ba a iya riƙe masa, sunansa da kayansa. Idan bai ji daɗin masauki ba, baɗi sai ya sauka a wani gidan. Wannan damar ta sauya masauki ita ce ta sa fatoma yake taka-tsantsan.

Iri kyauta, mai saye ɗaya

Auduga ce ta zo da wani tsari dabam. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester ta Ingila, domin masaƙun Lancashire su rage dogaro da audugar Amurka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Bayan haka aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, aka kafa gonar yaɗa iri a Daudawa, aka gina injinan gurza a Funtua da Malumfashi. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Tasha da injin gurza su suka ɗaga Funtua daga ƙaramin gari a ƙasar Maska zuwa cibiyar ciniki, inda Sarkin Maska da kansa yake zaune a yau.

Tsarin ya zo wa manomi da sauƙi a zahiri. Ana raba masa angurya kyauta ya shuka. Idan kaka ta yi, sai ya kai audugarsa fuloti, wato kasuwar da hukuma ta keɓe. Malamin auduga ya duba ya sa mata daraja, a ɗora a sikeli, mai lasisin saye ya biya. Ba sai ya nemi mai saye ba, ba sai ya yi tunanin mota ko jirgi ba. Abin da ya bayar a madadin wannan sauƙi shi ne zaɓi. Iri na wani ne, sikeli na wani ne, farashi ma daga wani wuri ake aiko shi. Abin lura, a shekarun farko masu saye don masaƙan gida, musamman na Kano, sukan biya fiye da farashin Turawa, manoma kuma sukan karkata wajensu. Muddin akwai mai saye na biyu, manomi yana da bakin magana.

Daga baya hukuma ta rufe wannan ƙofa a cinikin fitarwa waje. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta ƙasa, a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa, a 1977 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, da hedikwatarta a Funtua. Tsawon waɗannan shekaru manomin Bakori ko Kafur ya san fuloti, ya san ɗan baranda, ya san ranar da ake buɗe ciniki. Bai san masaƙar da ke saƙa audugarsa ba, ita ma ba ta san da shi ba.

A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. An 'yanta farashi, amma tsarin rabon iri mai kyau da na tantance daraja ya raunana tare da hukumar. Iri ya gauraye, inganci ya faɗi. Masaƙun ma nasu ciwon ya same su, na rashin wutar lantarki da kwararar atamfar waje: masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsayar da aiki a 2007. Manomin da ya shekara kusan arba'in yana sayarwa ta ƙofa ɗaya ya wayi gari ƙofar ta rufe, kuma ba shi da sunan ko mutum guda daga cikin masu amfani da kayansa.

Masara da lambar waya

Abin da ya rage wa yankin raɗaɗin faɗuwar auduga shi ne masara. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta fita daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki. Bambancinta da auduga shi ne yawan masu saye. Ana ci a gida, 'yan kasuwar Dawanau suna so, kamfanonin abincin kaji na Kudu suna so. Kasuwanni irin ta Dandume suka cika da manyan motoci.

Sai kuma wayar salula, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Agustan 2001. Da ta iso garuruwan yankin, mai buhu ɗari a Funtua ya samu damar jin farashin Kano ko na Legas kafin ya sallama. Lambar waya ta zama adireshinsa: ita ake rubutawa a ƙofar shago da bayan mota. Amma a shekarun farko lambar tana ɗaure da kamfanin da ya bayar da ita. Wanda ya gaji da rashin sabis ya sauya layi, ya yi asarar lambar da abokan ciniki suka sani. Sai a Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ƙaddamar da tsarin da ke ba mutum damar sauya kamfani ya tafi da lambarsa. Daga ranar ne lambar ta zama mallakar mai ita a aikace. Wannan bambanci, tsakanin adireshin aro da adireshin mallaka, shi ne jigon maganar shafin intanet.

Fatomomin zamani

Shafin intanet abu uku ne a haɗe: adireshi, wato sunan da ake rubutawa a same shi, masauki, wato kwamfutar da ke ajiye shi dare da rana, da kayan ciki, wato hotuna, farashi da bayanan masu saye. Manhajojin gina shafi suna haɗa ukun su sayar a dunƙule, shi ya sa suke da sauƙi. Aikin fatoma suke yi: masauki, ajiya, haɗawa da mai saye, da la'ada a ƙarshen wata.

Inda suka bambanta shi ne ranar tashi. WordPress, da aka fara a 2003, manhaja ce da kowa ke da izinin ɗauka ya girka a masaukin da ya ga dama, ya kuma kwashe shafin kacokan zuwa wani idan ya so. Kuɗin wannan 'yanci shi ne ɗawainiya: sai an riƙa sabunta ta, ana tsare ta daga masu kutse, abin da yakan sa a nemi gwani. Wix, da ya fito a 2006, ya fi sauƙin sarrafawa ga wanda bai san kan kwamfuta ba, amma shafin da aka gina a kansa ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki. Wanda zai tashi sai ya sake gini. Shopify, shi ma na 2006, an ƙera shi don shago, yana kuma barin mutum ya sauke jerin kayansa da na abokan cinikinsa. A gida Nijeriya, Paystack da Flutterwave, waɗanda asalin aikinsu karɓar kuɗi ne, sun fito da ƙananan shagunan intanet a 2020.

Akwai kuma na kyauta, kuma wanda ya san labarin angurya zai gane su. Shafin kyauta yakan zo da adireshin da ke rataye a ƙarƙashin sunan kamfanin. GeoCities, wanda ya taɓa ɗaukar miliyoyin irin waɗannan shafuka, Yahoo ya rufe shi a 2009. A Maris ɗin 2024 Google ya kashe shafukan kyauta da ya ba ƙananan 'yan kasuwa ta hanyar rajistar kasuwancinsu a taswirarsa. Duk wanda ya buga wannan adireshi a allon shago ko a jikin buhu, sai ya sake bugu. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Na biya ma suna da nasu ƙullin. Yawancin manhajojin waje da Dala suke caji. A tsakiyar 2023, kafin a saki Naira, Dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai Naira 500 ba. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin haya ya ninka uku ba tare da mai masauki ya ƙara ko kwabo ba. Tun daga 2022 kuma bankuna da dama suka taƙaita, sannan suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin Naira na tsawon lokaci, har biyan hayar kansa ya zama aiki.

Shekarar da layi ya ɗauke

Masu cewa dandalin sada zumunta ya wadatar suna da hujja: can masu saye suke, kuma WhatsApp Business, tun fitowarsa a 2018, ya zama shagon mata masu turare da ɗinki da 'yan hatsi da yawa. Shekarar 2021 ta nuna iyakar wannan hujja. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai Janairun 2022. A farkon Satumba aka katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka riƙa tahowa Funtua don su yi kira ko su tura kuɗi. Kwanaki kaɗan bayan haka katsewar ta iso ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin sa'o'i shida.

Shafin intanet ba zai dawo wa mai shago a Malumfashi da sabis ba. Amma tunda masaukinsa ba a garin yake ba, mai saye a Ibadan zai ci gaba da ganinsa, kuma idan an sa lambar wakili a Zariya ko Kano, ciniki ba zai tsaya cak ba. Wanda kuwa ke da sunaye da lambobin abokan cinikinsa a littafi, ko ya fita garin da ke da sabis zai san wa zai kira.

Abin tambaya kafin a sauka

Tambayar farko ita ce adireshi. Ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, ita ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, ana kuma yin rajistarsa da Naira ta hannun wakilanta, a sabunta duk shekara. Ya kamata rajistar ta kasance da sunan mai kasuwa da imel ɗinsa. Kuskuren da ya yawaita shi ne a bar yaron da ya gina shafin ya yi rajista da nasa sunan. Ranar da aka saɓa, ya tafi da adireshin.

Ta biyu ita ce kundin abokan ciniki: shin manhajar tana barin a sauke shi a ajiye? Ta uku ita ce kuɗi: da wane kuɗi ake biyan haya, kuma mai saye zai iya biya ta tura kuɗi daga bankinsa, kamar yadda aka saba? Ta huɗu ita ce nauyi: shafin yana buɗewa a ƙaramar waya, a inda sabis ke da rauni, ba tare da ya cinye data ba? Mai saye daga ƙauyen Kafur ba zai jira bidiyo ya gama saukowa ba. Sunan kaya, farashi, wurin shago da maɓallin kira sun ishe shi.

Ba kowane kasuwanci ke bukatar babban shafi ba. Mai sayar da taki ga maƙwabtansa na iya wadatuwa da waya. Mai tara citta ko waken suya don kamfani a Legas, wanda za a bincika sunansa kafin a tura masa kuɗin tirela, yana bukatar adireshi tabbatacce. Ko Wix ya zaɓa, ko WordPress, ko wata manhajar gida, haya ce, kuma haya ba laifi ba ce. Falken da ma a gidan wani yake sauka. Abin da ya raba falke da manomin fuloti shi ne, ranar da masauki ya ƙare, ɗaya ya fita da sunansa da sanin masu sayensa, ɗayan kuwa a 1986 ya tsaya da auduga a rumbu yana jiran wanda zai zo ya taya.