Kafin Photoshop: Tarihin Yi wa Hoto Kwaskwarima

Ka taɓa karɓar hoton biki daga wurin mai hoto, ka ga fuskarka ta yi sumul, ƙurajen da ka sani duk sun ɓace? Wataƙila ka ce aikin kwamfuta ne, abin zamani. To, mai karatu, gyaran hoto ya girmi kwamfuta da kusan shekara ɗari, kuma yawancin maɓallan da kake latsawa a manhajar wayarka an gaje su ne daga ɗakin wanke hoto.

Mu fara da shekarun 1850. Sinadarin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto a lokacin yana saurin kama shuɗin haske fiye da sauran launuka. Saboda haka idan mai hoto ya ba kyamara lokacin da zai ishi ƙasa ta fito, sai sama ta ƙone ta zama fari fat, babu gajimare ko ɗaya. Wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya samo dabara: ya ɗauki teku a gilashi ɗaya, sama a wani, sannan ya buga su a takarda guda. A 1857 kuma Oscar Rejlander, a Ingila, ya haɗa hoto ɗaya daga gilasai kusan talatin. Lura da bambancin: Le Gray yana cike giɓin da kyamara ta bari, shi kuwa Rejlander ya gina abin da bai taɓa faruwa a wuri ɗaya ba. Wannan bambanci yana nan tare da mu har yau.

Yaya ake goge tamoji ba kwamfuta? Hoto yana fara fitowa ne a juye a kan negatif: fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Layin tamoji duhu ne a fuska, don haka a negatif haske yake fitowa. Sai mai gyara ya ɗauki fensir mai tsini ya cike layin a hankali. Idan aka buga, wurin ya yi haske daidai da sauran fata, tamojin ya ɓace. In kuma duhu ake so, sai a kankare wurin da 'yar wuƙa.

A lokacin bugawa ma akwai dabara biyu. Takardar hoto tana ƙara duhu gwargwadon hasken da ya sauka a kanta. Idan inuwa ta yi yawa a wani ɓangare, sai a tare masa haske na ɗan lokaci da guntun kwali da aka liƙa a bakin waya. Idan kuma wuri ya yi fari da yawa, sai a dunƙule hannu a bar 'yar kafa, haske ya ƙara sauka a nan kaɗai. Buɗe Photoshop ka duba: alamar abin haskakawa da'ira ce a kan sanda, ta ƙara duhu kuwa hannu ne a dunƙule.

Ba a daɗe ba masu mulki suka gane amfanin wannan sana'a. Ranar 5 ga Mayu 1920 aka ɗauki Lenin yana jawabi ga sojoji a Mosko, Trotsky na tsaye a gefen dandamalin. Bayan Trotsky ya ɓata da Stalin, sai aka riƙa buga hoton babu shi. Haka Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki na Tarayyar Sobiyet. Akwai hotonsa a gefen Stalin a bakin mashigin ruwan Mosko. An kashe shi a 1940, sai aka shafe shi da fenti, ruwa ya maye gurbinsa. Fenti da wuƙa kawai, amma an yi nufin mutane su manta cewa mutumin ya taɓa tsayawa a wurin.

Kwamfuta ta shigo da ƙarfinta a farkon shekarun 1980. A Fabrairu 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna, don hoton da aka ɗauka a kwance ya shiga bangon mujallar da yake a tsaye. An yi ta ce-ce-ku-ce. Na'urar da ta yi aikin tsada gare ta, sai manyan kamfanonin ɗab'i ke iya saya.

A 1987 Thomas Knoll, ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Michigan, ya rubuta ƙaramar manhaja ta nuna hoto a kwamfutar Macintosh. Ɗan'uwansa John, wanda ke aiki a kamfanin siddabarun fim na Industrial Light and Magic, ya ga za ta iya fin haka. Kamfanin Adobe ya fitar da ita a Fabrairu 1990 da sunan Photoshop. A 1994 aka ƙara mata tsarin shimfiɗa, wato ka ɗora gyara a kan hoto kamar ledoji masu haske, ka cire wanda ba ka so ba tare da ka ɓata na asali ba.

Me ya sa abin ya zo da sauƙi haka? Domin a kwamfuta hoto lambobi ne. Kowane ɗigo, wato fiksel, yana ɗauke da lamba uku, ta ja da kore da shuɗi, galibi daga 0 zuwa 255. Ƙara haske ɗaga lambobin ne. Goge ƙurji kuwa kwafo ɗigogin fata mai kyau ne a liƙa a kansa.

Wannan kwafin yakan bar sawu. A Agusta 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da hoton hayaƙi a saman Beirut. Masu lura suka ga curin hayaƙi iri ɗaya yana maimaita kansa, alhali hayaƙin gaske ba ya yin haka. Reuters ta janye hotuna 920 na mai hoton. Faransa kuma, daga Oktoba 2017, ta wajabta rubuta sanarwa a hoton talla idan an rage ko an ƙara jikin mai tallar.

To, ina iyakar take? Manyan kafofin labarai sun amince da daidaita haske da launi da yanke gefe, muddin ma'anar ba ta sauya ba. Sun hana ƙara abu ko cire shi. Hoton bikinka naka ne, ka yi masa kwalliya yadda ka so. Amma hoton da aka turo maka a WhatsApp a matsayin hujja, dakata kafin ka tura gaba. Duba ko inuwoyi suna fuskantar gefe ɗaya, ko wani abu yana maimaituwa, ko layin bango ya lanƙwashe kusa da jikin mutum. Sannan ka saka shi a Google Lens ka nemi inda ya fara fitowa. Hoton Yezhov ma ta haka asirinsa ya tonu: na asalin bai ɓace ba, aka ajiye su gefe da gefe.