Hoton Tsohon Soja da Ginin Tunawa

A gidajen tsofaffin soja akan tarar da hoton dattijo sanye da lambobinsa, yana tsaye gaban wani ginin tunawa, amma jikokinsa ba su san ko ina ne ba. To, ga alamun da ake bi.

In akwai igwa girke a gefe, a fara tunanin Lakwaja, inda aka rubuta sunayen waɗanda suka rasu a yaƙin Jamus na farko. In kuwa mutum-mutumi biyu ne na tagulla, soja da ɗan dako, to, Idumota ce a Ikko, ko da yake tuni an ɗauke su daga can.

Sa'an nan a duba shekarun da ke jikin dutsen. 1914 zuwa 1918 shi ne yaƙin da aka ci Garwa cikin 1915, Mora kuma cikin 1916. 1939 zuwa 1945 kuwa na Habasha da Bama ne.

Wanda ya yi aikin En'e ya san takarda marar kwanan wata ba ta shaida. Saboda haka a rubuta suna da wuri a bayan hoton tun masu sani suna da rai. Allah ya jiƙan mazan jiya.