Kalmar "Shaman" da Fassarar Zanen Duwatsu na Mutanen San

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1988, lokacin da David Lewis-Williams da Thomas Dowson suka buga maƙalarsu a mujallar Current Anthropology, masana ke ta taƙaddama a kan ra'ayin da ke cewa zanen da mutanen dauri suka bari a jikin duwatsu da koguna ya samo asali ne daga abin da masu magani ke gani idan hayyacinsu ya gushe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tushen wannan ra'ayi a harshe yake, domin an ɗora shi ne a kan fassarar wasu 'yan kalmomi na mutanen San na kudancin Afirka.

2.0 Shaidar baka

Babbar madogarar ita ce aikin Wilhelm Bleek, masanin harshe Bajamushe, da Lucy Lloyd, yayar matarsa. Daga 1870 suka fara ɗaukar harshen |Xam a rubuce daga bakin wasu mutane irin su ||Kabbo da Dia!kwain, waɗanda aka ɗauko daga kurkukun Breakwater na birnin Cape Town. Bleek ya rasu a 1875, Lloyd ta ci gaba, har aka tara shafi wajen 12,000. A yau babu mai magana da |Xam, sai dai waɗannan littattafai.

A cikinsu ne ake samun kalmar !gi:xa, jam'inta !gi:ten. Tushenta !gi na nufin wani ƙarfi na ɓoye, ɗafin -xa kuma na nuna mai ɗauke da abu. Bleek da Lloyd sun fassara ta da kalmar Ingilishi mai ma'anar "matsafi". Lewis-Williams ya ga wannan fassara ta ɓata wa mutanen suna, sai ya maye gurbinta da "mai magani", daga baya kuma da "shaman". Ita kuwa "shaman" baƙuwa ce a Afirka. Daga harshen Evenki na Saiberiya ta fito, ta bi ta Rashanci ta shiga harsunan Turai a ƙarni na 17, sannan littafin Mircea Eliade na 1951 ya faɗaɗa ta har ta zama rigar da ake sa wa kowace al'umma. Ke nan an gudu daga wata fassara mai aibi an faɗa wata mai nata kayan.

Shaida ta biyu ta fi gajarta, ta kuma fi rikitarwa. A 1873 wani jami'in mulkin mallaka, Joseph Orpen, ya ratsa tsaunukan Maloti na ƙasar Lesotho ta yau, da wani saurayi ɗan San mai suna Qing a matsayin ja-gora. Orpen ya kwafi zane a Melikane da Sehonghong, ya tambayi Qing ma'anarsu, ya buga amsoshin a 1874. Game da mutane masu kan dabba, Qing ya nuna cewa mutane ne da suka mutu, suna zaune a cikin ruwa, kuma rawa ce ta lalata su. Lewis-Williams ya ɗauki "mutuwa" da "shiga ruwa" da "lalacewa" a matsayin adon magana. Hujjarsa ita ce Ju|'hoansi na hamadar Kalahari, waɗanda Lorna Marshall da Richard Katz suka nazarta, suna kiran faɗuwar mai magani a fagen rawa da sunan mutuwa. Da wannan mabuɗi ya karanta fitaccen zanen Game Pass a tsaunukan Drakensberg, inda wata dabba dangin gwanki da Turawa ke kira eland take gargarar mutuwa, kanta a sunkuye, gashinta a tsaye, ƙafafun baya a harɗe, ga kuma mutum riƙe da wutsiyarta, shi ma ƙafafunsa a harɗe, da kofato a maimakon tafin ƙafa.

Karatu ne mai gamsarwa, amma duk wanda ya taɓa aikin fassara zai yi hattara. Ta bakin tafinta Orpen ya ji Qing, ba kuma da harshen uwa saurayin ya yi maganar ba. Harshen Ju|'hoansi da na |Xam ba dangi ɗaya ba ne, tsakanin masu su akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa Anne Solomon ta ce a bar "mutuwa" a ma'anarta ta zahiri, wato ruhohin matattu aka zana. Kalma guda ta raba mazhabobi biyu.

Matsalar ba ta bar Hausa ba. In an ce "boka" an kawo sana'ar magani da duba, in an ce "ɗan bori" an juya al'amarin, domin a bori iska ce ke hawan mutum, alhali a tsarin Eliade ruhin mutum ne ke fita ya yi tafiya.

3.0 Tsallakawa zuwa Turai

A maƙalar 1988 an ƙara hujja daga nazarin ƙwaƙwalwa. An ce gushewar hayyaci na da matakai uku: da farko mutum na ganin ɗige-ɗige da raga da layuka masu lanƙwasa, sai ƙwaƙwalwa ta mayar da su abubuwan da ta sani, daga ƙarshe ya ga kansa ya rikiɗa ya zama dabba. Tun da ƙwaƙwalwar ɗan Adam iri ɗaya ce, sai aka ɗauki ma'aunin zuwa kogunan Faransa da Sifen. Jean Clottes da Lewis-Williams suka fito da littafi a kan haka a 1996, Lewis-Williams ya biyo da The Mind in the Cave a 2002. Paul Bahn da Patricia Helvenston suka yi suka mai zafi, suna cewa gwaje-gwajen da aka dogara da su yawanci na masu shan ƙwayoyi ne a ɗakin bincike.

A nan ne ra'ayin ya yi rauni. Ɗigo da layi abu ne da ko yaro zai zana a ƙasa, saboda haka samunsu a bango bai tabbatar da komai ba. Abin da ya ba fassarar Drakensberg nauyi shi ne akwai Qing da Dia!kwain da za a yi gardama a kan kalmominsu. Masu zanen kogon Chauvet, wanda aka gano a 1994, sun yi aikinsu fiye da shekara 30,000 da suka wuce, kuma ko kalma ɗaya ta harshensu ba ta iso ga kowa ba.